Hattara da mai "ƙera igwa" a Facebook, ya cinye mana naira 485,000

Jama'a, naira 485,000. Kuɗin karo-karon 'yan ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ne, akwai ɗalibai a ciki, akwai mai tura baro. Ni na tura da hannuna, kuma har yau ko ƙusa ba mu gani ba.

Wasa muke shiryawa kan shigowar Turawa Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, lokacin da Kanar Morland ya fasa ta wajen Ƙofar Kabuga, Sarki Alu yana Sakkwato. Muna buƙatar igwa ta kwaikwayo, wadda ba ta harbi, hayaƙi kawai za ta yi. Kar wani ya ce mini na yi gaggawa. Na gwada mutumin nan. Na tambaye shi wace iri Turawan suka zo da ita, bai ko yi jim ba ya ce mai milimita 75, wadda ake kwancewa gunduwa-gunduwa 'yan dako su ɗauka a ka. Haka yake! Wane ɗan damfara ne ya san wannan? Ya kira ni ta bidiyo, na ga bakin igwa kwance a ƙasa, ga tartsatsin walda, ga ƙafar katako an jingine da bango ba a ma shafa mata fenti ba. Ya ce, "Yallaɓai, ai tarihinmu ne, ko ban ci riba ba zan yi." Wannan maganar ce ke hana ni barci. Ko ban ci riba ba.

Ciniki ya faɗa a 650,000, kafin alƙalami 400,000. Na tura. Daga baya ya ce direba ya ƙi ɗauka sai an ƙara 85,000, wai saboda shingayen hanya. A'a, kafin wannan ma sai da ya ce mahaifiyarsa na asibiti, na yi masa jaje, har addu'a na yi mata. Sannan aka zo maganar direban. Sunan da ke kan asusu na biyu daban yake da na farko, na tambaya, ya ce na ƙaninsa ne. A kasuwa kullum haka ake yi, wa bai taɓa turawa ta asusun yaron shago ba?

400,000 da 85,000. Na je tasha na tsaya tun hantsi har la'asar, lambar direba a kashe, tasa a kashe, shafin ya yi ɓatan dabo. Wani abokina ya ga hotunan ya ce igwar wasu masu wasan yaƙin basasar Amurka ce aka kwafo. To, bidiyon fa? Da idona na gani.

Abin da ya fi ci mini rai, dattijon da ke fitowa a Madaki ya kalle ni ya ce, "Ɗana, Allah ya mayar da alheri." Gara ya zage ni.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda da banki. Anjima zan ɗora hotunan hirarmu da rasit duka biyun, ku gani da kanku. In za ku sayi irin wannan kaya, ku je maƙerar da ƙafarku, ku taɓa, sannan ku biya. Shi kuma Allah ya isa, ban yafe ko kwabo ba cikin 485,000 ɗin nan.