Kantin Kayan Yara a Garwa da Batun Halowin

Shekara uku ke nan ina sayen kayan makaranta da tufafin yarana a wani kanti da ke kusa da babbar kasuwar Garwa, kuma ban taɓa samun abin kushewa ba, domin kayansu na da inganci, farashi da sauƙi, ma'aikatan kuma suna da ladabi.

Sai dai a watan Oktoba na tarar an cika gaban kantin da fuskokin roba masu siffar ƙoƙon kan mutum da rigunan mayu, saboda bikin Halowin da ake yi ranar 31 ga watan. A matsayina na Kirista wannan ya dame ni ƙwarai. Ana danganta asalin bikin da wani biki mai suna Samhain na tsoffin mutanen Ailan da Sukotlan, waɗanda suka yi imani cewa ruhohin matattu suna yawo a daren, kafin 'yan ƙaura su kai shi Amurka a ƙarni na 19. Wasu 'yan'uwa suna cewa ai jajibirin ranar tsarkaka ce ta 1 ga Nuwamba, amma a Littafi Mai Tsarki, Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta haramta maita da neman matattu, ni kuwa ba zan koya wa ɗana ya mai da abin da aka haramta wasa ba.

Na ce wa mai kantin, “Alhaji, ko a mayar da kayan Halowin ɗin nan ciki?” Ya saurare ni da mutunci, ya ce wasu ne suka nema. Zan ci gaba da sayayya a can, amma ba zan je da yara a Oktoba ba.