Na saka TigerVNC da noVNC a cikin kwantena, ga yadda ta kaya

Wato abin da ya kai ni ga wannan harka shi ne wata tsohuwar manhaja mai tagogi da nake buƙata amma sam ban yarda da ita ba, ban san me take yi a bayan fage ba, kuma ba na so in zuba ta kai tsaye a kan kwamfutar da nake duk harkokina. Sai na ce to bari in jefa ta cikin kwantena na Docker, wato wani keɓaɓɓen akwati na manhaja da ke raba abin da ke cikinsa da sauran kwamfutar. Jefawa dai ba wuya, tana tashi sai ta ce min "cannot open display" ta mutu. Dama haka ne, kwantena ba shi da sikirin ba shi da linzami, kanel ɗin Linux kawai yake ara daga uwar kwamfuta, sauran komai sai abin da ka ba shi da hannunka.

Dabarar da kowa ke fara koya maka ita ce ka ɗaura /tmp/.X11-unix a cikin kwantenan, ka sa DISPLAY=:0, ka buga xhost +local: shikenan. Kuma tana aiki fa, cikin minti biyu taga ta fito tar. Amma da na zauna na yi tunani sai na ga ai wannan kamar ka kulle ɓarawo a ɗaki ne sannan ka miƙa masa makullin gidan ta taga. X11, tsarin da ke zana tagogi a sikirin wanda wannan dabara ta buɗe wa manhajar, tun 1987 yake, tsarin X ɗin ma a MIT aka fara shi a 1984, lokacin da ake ɗauka duk manhajar da ta shigo sabar amintacciya ce, saboda haka duk wadda ta samu shiga tana iya jin abin da kake bugawa a kibod, ta ɗauki hoton sikirin ɗinka, har ta tura wa wata taga bugun maɓalli kamar kai ne ka danna. To ina amfanin kwantenan kenan?

Shi ya sa na koma ga saka sabar nunin ita kanta a ciki. Nan ne Xvnc na TigerVNC ya shigo (VNC hanya ce ta ganin sikirin kwamfuta da sarrafa shi daga nesa, TigerVNC kuma ɗaya ce daga manhajojinta), kuma gaskiya shi ne abin da ya fi burge ni a duk haɗin. Da farko na bi hanyar da aka fi sani, Xvfb yana zana sikirin na bogi a cikin memori, x11vnc kuma yana leƙa shi yana turowa, abu biyu kenan da za ka riƙa lallaɓawa. Xvnc kuwa guda ɗaya ne mai fuska biyu, manhajojin ciki suna ganinsa a matsayin sabar X ta gaske, kai kuma daga waje kana ganinsa a matsayin sabar VNC. A imej na Debian na girka tigervnc-standalone-server da novnc (mai nuna VNC a cikin burauza) da websockify sai Openbox don tagogi su samu mai riƙe su (in ba ka sa irinsa ba taga za ta maƙale a kusurwa ba ta ja ba ta matsawa, na ɓata lokaci a kan wannan kafin in gane). Layin tayar da Xvnc, ban da saitin kalmar sirri, bai fi haka ba: Xvnc :1 -geometry 1600x900 -depth 24. Nuni mai lamba 1 yana sauraro a fot 5901, don ƙa'idar ita ce 5900 a tara da lambar nunin, websockify kuma ya ɗauko shi ya miƙa wa burauza a 6080. Ka buɗe shafin vnc.html kawai sai ga destof ɗinka a cikin burauza, babu wata manhaja da za ka girka a ɗaya ɓangaren.

Abin da na fi so, in ka zaɓi sauya girma daga nesa a saitin noVNC, kana jan gefen burauza destof ɗin ciki yana bin ka, ba wai ya miƙe hoton ya yi dishi-dishi ba, a'a girman sikirin ɗin ne da kansa yake canzawa. Sannan in ka rufe burauzar aikin ciki bai tsaya ba, ka dawo bayan awa uku ka tarar da komai inda ka bari.

Yanzu ga inda na sha wuya, kuma yawanci laifina ne ba na kayan ba.

Rana ta biyu na tsayar da kwantenan na sake tayar da shi, sai ya ƙi, wai "Server is already active for display 1". Na yi ta neman wane ne ya riga ni alhali babu kowa a ciki, ashe fayil ɗin /tmp/.X1-lock ne ya rage tun jiya saboda an kashe sabar ba ta samu damar share bayanta ba. Layi ɗaya na ƙara a farkon sikirif ɗin tashi, ya goge shi da soket ɗin X1, magana ta ƙare. Ka kuma tayar da kwantenan da --init ko ka sa supervisord, don abu uku ko huɗu ne ke gudana tare a ciki, dole a samu mai tattara gawarwakinsu in sun mutu.

Sai maganar haruffa, wannan kam ta ba ni dariya. Na buɗe wani rubutuna na Hausa, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai ƙananan akwatuna, "ƙasa" ta koma akwati da "asa". Imej ɗin da aka rage wa nauyi kusan ba ya zuwa da salon haruffa ko ɗaya, sai da na girka fonts-dejavu suka fito da lanƙwasarsu. Haka kuma da na gwada burauzar Chromium a ciki, shafi mai nauyi yana buɗewa sai ya faɗi, dalili kuwa Docker 64MB kacal yake ba /dev/shm (memorin da manhajoji ke amfani da shi tare) in ba ka ce komai ba, na sa --shm-size=2g ya natsu.

Amma akwai abubuwan da ba kuskurena ba ne, haka abin yake kawai. Sauti babu, ƙa'idar RFB da VNC ke tafiya a kai hoto da kibod da linzami take ɗauka, in kana son jin murya sai ka ja wata hanya daban ta PulseAudio ko PipeWire, ni dai na haƙura. Kwafa da liƙawa ma akwai ɗan gajiyarwa a noVNC, sai ka buɗe ɗan allon gefe ka zuba rubutun a ciki tukuna ya isa can, in kana yi sau talatin a rana za ka ji a jikinka. Da manhajar kallo ta TigerVNC ɗin kanta abin ya fi sauƙi, yana wucewa kai tsaye. Sai uwa uba zane mai nauyi. Na buga glxinfo na ga llvmpipe, ma'ana Mesa na zana komai da ƙarfin furosesa ne ba katin hoto ba, don haka rubutu da fom da burauza lafiya lau, bidiyo yana ɗan tsalle-tsalle, wasan 3D kuwa kada ma ka fara. Ana iya miƙa katin hoto ciki ta /dev/dri a haɗa da manhajar VirtualGL, amma kowace na'ura ka buɗe wa kwantena ka rage kaurin katangar da ka gina ne, ni kuma saboda katangar na zo.

Maganar tsaro kada a yi wasa da ita don Allah. Kalmar sirrin VNC ta asali haruffa 8 kawai take ƙirgawa, ko ka rubuta ashirin sauran ado ne. Kuma in ka rubuta -p 6080:6080 haka tsirara ka buɗe wa duk wanda ke kan netwok ɗinka ne, har ufw, katangar tsaron netwok, ma ba lallai ya tare ba saboda Docker na rubuta dokokin iptables nasa. Ni -p 127.0.0.1:6080:6080 nake sawa don kwamfutata kaɗai ta iya shiga, in ina nesa in bi ta ramin SSH, wato rufaffiyar hanyar shiga kwamfuta daga nesa. Kar kuma a gudanar da komai a matsayin root (mai cikakken iko) a ciki, Xvnc ba ya buƙata tunda ba ya taɓa wata na'ura ta zahiri, kuma wannan ma babban maki ne a gare shi, babu --privileged babu roƙon izini.

Wani zai ce ai yanzu zamanin Wayland ne, sabon tsarin nuni mai maye gurbin X, wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008 kuma tun asali ba ya barin taga ta leƙa taga. Haka ne, kuma ana iya yin irin wannan da Weston ko sway da wayvnc. Sai dai tsofaffin manhajojin da mutum ke son killacewa yawancinsu yaren X suke ji, ƙarshenta Xwayland, mai gudanar da manhajojin X a kan Wayland, za ka ƙara a kai, kaya ya ƙaru. Xpra ma na ɗan taɓa, shi yana kawo maka taga ɗaya-ɗaya kamar ta gida har da sauti, in abin da kake so kenan ya fi dacewa, amma saitinsa ya fi yawa, ni kuma destof guda a cikin akwati ya ishe ni.

In maki zan bayar, huɗu cikin biyar, ɗayan na cire ne saboda sauti da wahalar liƙa rubutu. Mai gwajin manhaja, ko mai son buɗe fayil ɗin da bai yarda da shi ba, ko mai son ganin abin da Selenium (manhajar da ke sarrafa burauza da kanta) ke dannawa da idonsa, wannan haɗin zai yi masa. Mai gyaran bidiyo ko wasa ya nemi wata hanyar. Waccan tsohuwar manhajar tawa dai tana nan a ciki, na ma ƙara cire mata intanet, iyakar abin da take gani a duniya shi ne sikirin mai faɗin 1600 da 900 da folda guda ɗaya da na ɗaura mata.