Zaman farko ko na baya? Sharhi kan abincin dare a jirgin yawon Bahar Rum

Duk wanda zai yanki tikitin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, akwai tambayar da za a jefo masa bayan an gama maganar ɗaki da kuɗi: abincin dare, zaman farko kake so ko na baya? Yawancinmu a nan muke cewa duk wanda ya samu, don hankali yana can kan biza da canjin kuɗi. Alhali amsar nan ita za ta tsara maka yammacinka har ranar da za ka sauka, tun daga lokacin da za ka baro gari ka koma jirgi har zuwa inda magariba za ta riske ka. Mu zaman farko muka ɗauka, a wani jirgi da ke zagaya yammacin Bahar Rum cikin watan Yuli, daga Basalona zuwa Marseille, Genoa, Civitavecchia da Napoli, ni da maiɗakina da yara da Hajiyarmu. Da za a sake ba ni zaɓi a wannan hanya kuma a wannan wata, shi zan sake ɗauka, duk da yana da nasa ciwon kan.

Dalilin raba zaman biyu ba boyayye ba ne. Manyan jiragen yanzu suna ɗaukar fasinja dubu huɗu, dubu biyar, har Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 yana iya kwasar sama da mutum 7,000. Babban zauren cin abinci ba zai ɗauke su a lokaci guda ba, kicin ma ba zai iya ba. Sai a raba mutane gida biyu. A jirginmu zaman farko ƙarfe 6:30 ne, na baya kuwa 9:00. A jiragen da suka fi ɗaukar Amurkawa akan ɗan fi fara cin abincin da wuri, amma a nan Italiyawa da mutanen Sifaniya ne suka fi yawa, su kuwa ba sa ganin ƙarfe tara a matsayin dare. Abincin iri ɗaya ne, takardar jerin abincin ɗaya ce, kuɗin ma babu bambanci. Za a rubuta maka lambar teburinka a jikin katin ɗakinka, kuma a nan za ka riƙa zama kullum, masu sabis ɗinka su ne dai ba sa canzawa.

Abin da ya yanke mana hukunci shi ne rana. A Kano, duk shekara faɗuwar rana ba ta wuce tsakanin shida da bakwai, shi ya sa jikinmu ya saba da tsari ɗaya: a yi magariba, a ci tuwo, ko a jira a yi isha'i tukuna. A Bahar Rum cikin Yuli lissafin ya sha bamban. A Basalona rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi, a Napoli kuma, da yake ta fi gabas, wajen takwas da rabi. Wato mai zaman baya yana zama ke nan, an ajiye masa miyar buɗe baki, magariba ta shigo. Cin abincin kuma ba na ɗauki-ka-tashi ba ne. Kashi-kashi ake kawowa, na buɗe baki, sai babban abinci, sai kayan zaƙi, da wuya a gama ƙasa da awa ɗaya da rabi. Ko dai ka tashi tsakiyar ci ka hau lif zuwa ɗakinka, ka dawo ka tarar kifinka ya huce, ko ka zauna kana cin abinci zuciyarka tana kan agogo.

Wani zai ce ai matafiyi ne, ya haɗa magariba da isha'i mana. Kafin mu tashi na tambayi malamin unguwarmu, ya ce ƙasaru dai babu matsala a kan ruwa, amma mashhurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne rangwamen haɗa salloli na matafiyin tudu ne, ban da na teku, ko da yake Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta. Kowa ya bi abin da malaminsa ya faɗa masa. Hajiya dai tun a gida ta rufe maganar, ta ce ita kowace salla a lokacinta za ta yi. Da zaman farko ba mu taɓa samun wannan takun-saƙa ba. Kafin takwas da kwata mun tashi, mu yi alwala a natse, mu duba talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda jirgi ya dosa, mu fuskanci kudu maso gabas. Kamfas ɗin waya kaɗai ba abin dogaro ba ne a cikin ɗaki, ƙarfen jirgi yana rikita shi, gara ka haɗa da taswirar talabijin ɗin.

Sai batun jiki. Hajiya tana da ciwon sukari, maganinta da abincinta suna tafiya tare, ba za a ce ta zauna har tara da wani abu tana jiran a kawo mata faranti ba. Yara kuma kafin goma sun fara gyangyaɗi. Na ga iyalai a ƙofar zaure da ƙarfe tara suna turo keken jarirai, wasu yaran sun riga sun yi barci a kafaɗar iyayensu. Su al'adarsu ce, ban ga laifinsu ba, amma namu da an kai su wannan lokaci kuka za a sha. Ga kuma asuba da ke fitowa da wuri ƙwarai a wannan wata. Wanda ya bar teburi ƙarfe goma sha ɗaya da ciki fal, ya yi isha'i, ya kwanta, bai yi wani barcin kirki ba zai ji ƙararrawar waya.

To ina ciwon kan? Yana ranakun da jirgi ya tsaya a gari mai nisa da tasha. Civitavecchia ita ce tashar Roma, amma tsakaninsu kusan kilomita 80 ne, a jirgin ƙasa sama da awa ɗaya, kafin nan ma sai ka hau bas daga bakin jirgi zuwa ƙofar tasha. Ka yi yawo a Colosseum, tsohon filin wasan Romawa, da dandalin Vatican cikin zafin Yuli, ka dawo wajen shida ƙafafu sun kumbura, riga ta jiƙe, sai a ce saura rabin awa a buɗe zaure. Ga layin shiga jirgi, ga na'urar binciken jaka, ga wanka na mutum biyar. Kuma zaman farko ba ya jira. A jirginmu in ka wuce kamar minti goma sha biyar ana iya juya ka, ba don wulaƙanci ba, sai don kicin yana fitar da abincin ne kashi-kashi ga dukan zauren a tare, kuma dole su kwashe komai su sake shimfiɗa kafin mutanen tara su iso. Napoli ma haka take ga wanda ya je Pompeii, garin da aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 miladiyya. Wurin yana cin lokaci, ba a son a fita da gaggawa. Marseille da Genoa sun fi sauƙi. A Marseille ma mun samu shiga unguwar Noailles, inda shagunan 'yan Aljeriya da Maroko da Tunusiya suke jere, muka ci naman halal har muka ƙoshi, wanda hakan ya jawo wata matsalar: ƙarfe 6:30 ta yi babu mai jin yunwa.

Akwai kuma asarar da ba a faɗa maka a wajen yankan tikiti. Sau da yawa jirgi yana barin tasha ne tsakanin shida da bakwai, daidai lokacin da kake zaune a ƙasa kana zaɓar miya. Masu zaman baya suna can saman bene suna kallon gari yana ja da baya, iska tana kaɗa su, suna ɗaukar hoto. In teburinka ba ya kusa da taga, ba za ka ma san an tashi ba sai ka ji ƙasa tana ɗan rawa. Maiɗakina wannan ya fi damunta, ranar Napoli ta ce, "Baban yara, mun biya kuɗin ganin teku, ga shi kullum bango muke kallo." Ba ta yi ƙarya ba.

Ranar Roma ce ta sa muka ɗanɗana zaman baya. Mun iso a makare, Hajiya da yara suka hau sama wajen abincin ɗiba-da-kanka, ni da maiɗakina muka roƙi shugaban masu sabis, ya samo mana gurbi a wani teburi da masu shi suka fita. Gaskiya zaman yana da daɗi. Babu wanda ke leƙen farantinka yana jiran ya ɗauke, don babu wasu masu zuwa bayanka. Mai sabis yana tsayawa ya yi hira, a kawo shayi, a ƙara. Yara ba su da yawa, hayaniyar cokula ta ragu, sai dai ta manya, don a lokacin kwalaben giya sun fi yawa a kan tebura, muryoyi kuma suna ɗagawa yadda dare ke nisa. Magariba kuwa sai da muka tashi bi da bi, ita ta je ta dawo, ni ma na je, kafin na zauna an ɗauke abin buɗe bakina. Ma'aurata biyu da ba su da yaro ko dattijo a tare da su, kuma a watan da rana ke faɗuwa da wuri, zaman baya zai fi musu.

Wasannin dare ba su shiga lissafi sosai ba, domin ana yin wasan sau biyu a zauren kallo, kowane rukuni da nasa. Mu muna kallo bayan abinci, wani lokacin ma mu bar shi saboda ya ci karo da salla.

Abin da nake son in tsaya a kai shi ne amfanin teburi tsayayye, ko na farko ne ko na baya, musamman ga mai kiyaye abin da ke shiga bakinsa. Yanzu kamfanoni da yawa suna da tsarin zo-lokacin-da-kake-so. Norwegian Cruise Line ce ta yi suna da shi tun 2000 da abin da ta kira Freestyle Cruising, Royal Caribbean ma tana da My Time Dining. A ido tsarin ya fi kyau, ba mai ɗaure ka da agogo. Amma kowane dare sabon mai sabis ne, kowane dare sai ka sake bayani daga farko: ba ma cin alade, ba ma son abin da aka dafa da giya, wannan miyar da me aka yi romonta? Abincin Italiya kuwa yana da tarko. Shinkafarsu ta risotto yawanci da farar giya ake fara ta, taliya da ka gani fara tas tana iya zuwa da gutsattsarin naman alade a ciki, kayan zaƙinsu na tiramisu ma sau da yawa akwai barasa. Mai sabis ɗinmu ɗan Indunusiya ne, Musulmi, tun daren farko da ya ji Hajiya ta yi bismilla ya gane. Daga nan kullum kafin mu tashi sai ya kawo mana takardar abincin gobe, ya ɗora yatsa a kan layi yana girgiza kai, ya matsa na gaba ya ɗaga babban yatsa. Abin da muka zaɓa sai a rubuta a kai kicin a dafa mana daban. Ya san Hajiya ba ta shan abu mai sanyi, kafin ta zauna ruwan ɗumi da lemon tsami suna jiranta, kayan zaƙinta kuma marasa sukari. "Mama" yake ce mata, ita kuma tana ce masa "ɗana", ba mai jin yaren wani. Kifi da kayan lambu dai mun ci har mun gode Allah. Wanda ke son nama na halal ya sanar da kamfani a rubuce tun makonni kafin tafiya, kada ya bari sai ya shiga jirgi, kuma ya tambaya ko jirgin da zai hau yana da shi, don ba duka ba ne.

Girman teburi ma zaɓi ne. Akwai na mutum biyu, huɗu, shida, har takwas da goma, inda ake haɗa ka da baƙi. Mu namu na mu kaɗai muka nema, don Hajiya ba ta sakewa ta ci abinci gaban mazan da ba ta sani ba.

Saboda haka kafin ka amsa wa mai sayar da tikiti, ɗauki jadawalin tafiyar ka duba abu biyu: ƙarfe nawa jirgi ke barin kowace tasha, kuma ƙarfe nawa rana ke faɗuwa a can a watan da za ka je. A jiragen da ke tashi daga Dubai cikin Disamba, alal misali, rana tana faɗuwa wajen biyar da rabi, ka ga duk zaman biyu sun kauce wa magariba, sai ka zaɓa da cikinka kawai. A Bahar Rum cikin Oktoba kuwa abin juyawa yake, faɗuwar ranar tana komawa wajen bakwai, zaman farko ne zai ci karo da salla.

Zaman farko shi ke fara cika, saboda masu yara da dattawa duk shi suke rububi, don haka a nema tun ranar biyan kuɗi. Wanda aka ba wanda ba ya so kada ya tsaya faɗa da masu karɓar baƙi a ƙasa, ba a hannunsu abin yake ba. Ranar shiga jirgi da rana shugaban zauren abinci yakan zauna a wani wuri da ake rubutawa a takardar shirye-shiryen ranar, da taswirar tebura a gabansa, yana karɓar masu neman canji. A je da wuri, da katin ɗaki a hannu, kuma a faɗi dalilin kai tsaye. Mai maganar magani ko ƙananan yara ana saurin duba shi, sauran kuma a sa su a jerin jira zuwa dare na biyu.