Kayan gwajin ruwa mai ɗigo: shi ya tona min asirin gansakuka, amma ina da ƙorafi

Jama'a, duk mai wurin ninƙaya a gidansa da gansakuka ta hana shi sakat, don Allah ya karanta wannan kafin ya ƙara zuba kuɗinsa a magunguna. Kayan gwajin ruwa ne na saya, irin mai ɗigon nan da ke zuwa cikin akwati da ƙananan kwalabe jere, ba 'yar takardar nan da ake tsomawa a ruwa a duba launi ba. Gaskiya ya min abin da ban taɓa zata ba, duk da akwai inda ya sosa min rai sosai.

Ruwana ya daɗe yana wahalar da ni. Yau ka gan shi garau har kana hango ƙasa, bayan 'yan kwanaki ya fara dishi-dishi, ka shafa bango ka ji santsi, can sai kore ya ɓullo a kusurwoyi da gefen matakala, in ka yi sake ya koma kamar kududdufi. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne takardar gwajin kullum cewa take lafiya lau, kulorin (sinadarin da ke tsaftace ruwan) 2 zuwa 3, pH (ma'aunin tsamin ruwa) daidai, to ina matsalar take? Mutumin da nake biya yana duba min ruwan kuwa amsarsa ɗaya ce kullum, "Oga a ƙara ƙwayar kulorin, a sa maganin gansakuka." An ƙara, an sa, har maganin nan mai jan ƙarfe a ciki ya bar min tabo shuɗi-shuɗi a jikin matakala wanda har yau bai fita duka ba, gansakuka kuma ko a jikinta.

Ranar da akwatin ya iso na fara da gwajin kulorin. Za ka ɗebi ruwa mililita 10, ka zuba ɗan garin da ke ciki, ruwan ya koma ruwan hoda, sai ka riƙa ɗiga ɗayan sinadarin kana juyawa kana ƙirgawa har launin ya ɓace fes, kowane ɗigo 0.5 ppm ne (ppm shi ne ma'aunin yawan sinadari a ruwa, kashi ɗaya cikin miliyan). Babu kintace, babu ɗaga takarda sama kana ƙanƙance ido wai ko wannan launin ne ko wancan. Wannan kaɗai ya burge ni. Amma inda maganar take shi ne gwajin CYA, wato sayanurik asid, sinadarin da ke kare kulorin daga rana. Ana haɗa ruwan da wani sinadari sai ya yi fari-fari, sai ka riƙa zuba shi a hankali cikin wani siririn bututu mai baƙin ɗigo a gindinsa, kana leƙawa ta sama har baƙin ɗigon ya ɓace maka, inda ruwan ya tsaya nan ne lambarka. Wallahi ban gama zuba na farko ba ɗigon ya ɓace, ko layin 100 bai kai ba, ma'ana abin ya zarce ma'aunin gaba ɗaya. Sai da na surka rabi da ruwan famfo na sake, ya ba ni 70, a ninka biyu 140 ke nan. Abin da ake so kuwa 30 zuwa 50 ne!

Nan take komai ya fito min fili. Ƙwayoyin kulorin ɗin nan masu faɗi da ake sawa cikin abin da ke yawo a saman ruwa, da CYA ake haɗa su, duk 10 ppm na kulorin da suka ba ka sai sun bar maka kusan 6 ppm na CYA. Kulorin yana ƙarewa, rana ta ci nata, datti ya ci nasa, shi kuwa CYA yana nan daram, ba ya bin tururi, sai taruwa yake yi wata bayan wata. Kaɗan daga cikinsa alheri ne don in babu shi rana za ta cinye maka yawancin kulorin cikin 'yan awoyi, amma in ya yi yawa sai ya riƙe kulorin ɗin ya hana shi aiki da ƙarfi. Ƙa'idar da masu harkar da yawa ke bi ita ce kulorin ya kai wajen kashi 7.5 cikin 100 na CYA, to ku lissafa, mai 140 yana buƙatar kulorin sama da 10, ni kuma ina zaune da 2 ana ce min lafiya lau. Kuma duk lokacin da aka ce "a ƙara ƙwaya" ciwon ake ƙara wa ƙarfi. Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake yi, mutum sana'arsa ke nan amma bai taɓa gwada wannan abu ba ko sau ɗaya.

Maganinsa rage ruwa ne a zuba sabo, babu wata dabara mai sauƙi. Ban kwashe duka ba, ba a yin haka lokaci guda don yana iya lalata ginin, kashi-kashi na yi ina gwadawa har ya sauko kusa da 50. Na ajiye ƙwaya na koma kulorin na ruwa wanda ba ya ƙara CYA. Na sauko da pH zuwa 7.2 tukuna, sannan da daddare na ɗaga kulorin sama sosai, na bi bango da buroshi lungu-lungu musamman bayan tsani da kewayen fitila inda gansakuka take maƙalewa, injin da ke juya ruwan yana aiki dare da rana, filta kuma ina wanke ta duk sanda agogon matsi ya hau. Koren ya koma toka-toka, daga nan ya washe. Kuma da wannan akwatin na tabbatar gansakukar ta mutu da gaske, a gwada kulorin bayan faɗuwar rana, a sake gwadawa da asuba kafin rana ta fito, in bai ragu da fiye da 1 ppm ba to babu abin da ke cinsa a ɓoye. Takarda ba za ta taɓa nuna maka wannan ɗan bambancin ba. Af, kuma don Allah duk mai sauya nau'in kulorin, kada ya kuskura ya haɗa ƙwayar nan da garin kulorin a mazubi ɗaya, suna iya kama wuta ko su fashe, ba wasa ba ne.

Da a nan na tsaya tauraro biyar zan ba shi ba tare da tunani ba. To amma bari in faɗi inda suka ƙona min rai.

Ana tsakiyar wannan aikin, kulorin yana sama, na ce bari in duba pH. Na ɗiga jan sinadarin sai ruwan ya koma wani irin launi mai duhu kamar shunayya, wanda ya wuce duk launukan da ke jikin ma'aunin. Duk wanda ya ga haka zai ɗauka pH ya haura 8 ne ya ruga ya kwarara asid. Allah ya sa na dakata na yi bincike, ashe idan kulorin ya wuce 10 gwajin pH ƙarya yake yi, sai an jira ya sauko. Na bi ɗan littafin da suka saka a akwatin shafi-shafi, ban ga inda suka yi wannan gargaɗin ba, ga rubutun ƙanana kamar ba sa so a karanta. Haba, abin da zai iya sa mutum ya lalata ruwansa, ya ci masa ƙarfen tsani da na inji, ai a jikin murfi ya kamata a rubuta shi da manyan haruffa.

Sannan sinadarin CYA ɗin, wanda shi ne ya fi komai amfani a wurina, shi suka fi yi wa ƙoro. 'Yar kwalba ce, kuma kowane gwaji yana shan da yawa, ba ɗigo-ɗigo ake sa shi ba kamar sauran. Mai rage ruwa kashi-kashi irina dole ya yi ta maimaitawa, kafin in gama aikin kwalbar ta kusa gindi, ga na gwajin kalsiyam can cike ban ma taɓa shi da kirki ba. Murfin ɗaya daga cikin kwalaben alkaliniti (gwajin ƙarfin ruwa na riƙe pH kada ya riƙa hawa da sauka) ma bai zo a ɗaure da kyau ba, ya tsiyaye cikin akwatin ya ɓata rubutun da ke jikin maƙwabciyarsa, sai da na sake rubuta sunan da biro. Na tura wa mai sayarwa saƙo da hoto, ya ce zai duba, shiru kake ji.

Shi gwajin alkaliniti ɗin kansa ba laifi, daga kore ya koma ja, na samu nawa cikin 80 zuwa 120 da ake so, ba ni da abin cewa a kai.

Don haka tauraro huɗu na yi niyya, amma da na sake buɗe akwatin na ga tabon tsiyayar nan sai na ji uku da rabi ma ya ishe su. Zan ci gaba da amfani da shi, wannan ba tantama, kuma ba zan koma wa takarda ba. Wanda zai saya ya haɗa da ƙarin kwalbar CYA tun farko, ya duba murafen ɗaya bayan ɗaya a ranar da aka kawo, ya kuma ajiye akwatin a cikin ɗaki inda babu zafi, don rana tana kashe sinadaran da wuri.