dbCAN: Ya Iya Tsinto Enzayim, Amma Kada Ka Bar Masa Hukunci

Wanda ke nazarin bakteriyar teku da ke cin sukarin gansakuka, ko ba daɗe ko ba jima sai ya biya ta dbCAN. Shafi ne na kyauta da ƙungiyar Yanbin Yin ta fitar a 2012, aka sabunta shi a 2018 da 2023, yanzu yana zaune a Jami'ar Nebraska da ke Amurka. Aikinsa shi ne ka ba shi jerin furotin na bakteriya, ya nuna maka waɗanda ke sarrafa sukari, wato enzayim, ya jera su bisa dangogin CAZy, rumbun bayanan irin waɗannan enzayim da ke Marseille a Faransa.

Ga inda ake bukatarsa. Daga Maris zuwa Mayu, ƙananan gansakuka irin dayatom kan cika ruwan Tekun Arewa. Binciken da masana cibiyar Max Planck ta Bremen suka yi a gaɓar tsibirin Helgoland kan bunƙasar 2009 ya nuna cewa da gansakukan suka fara mutuwa, bakteriya irin Ulvibacter, Formosa da Polaribacter ke bayyana bi da bi, kowace da irin abincinta. Babban abincin shi ne laminarin, sukarin ajiyar dayatom: sarƙar gulukos mai haɗin β-1,3 da 'yan rassa na β-1,6.

Amfani da shafin ba wuya. Ka loda furotin a fayil na FASTA, wato tsarin rubuta jerin furotin, ka haɗa da fayil na GFF mai nuna mazaunin kowace ƙwayar gado. Sai ya bincika ta hanyoyi uku: HMMER, DIAMOND da dbCAN-sub. Ma'aunin HMMER na asali shi ne E (adadin da ke nuna yiwuwar kamannin dace ne kawai) ƙasa da 1e-15, da rufe fiye da kashi 35 cikin 100 na samfurin. Na DIAMOND kuwa 1e-102. Shawarar da masu shafin suka bayar daidai ce: ka riƙe abin da aƙalla hanyoyi biyu suka yarda da shi. In jinom ɗinka, wato cikakken kundin gadon bakteriya, sun yi yawa, ka bar shafin, ka sauke manhajarsa run_dbcan ta conda, kayan girka manhaja, ka yi a kwamfutarka.

Kan laminarin yana ƙoƙari sosai. A cikin dangogin GH, wato enzayim masu rushe sukari, yana tsinto GH16 da GH17 masu datse gangar sarƙar, GH30 mai sare rassa, da GH3 mai tsinke gulukos ɗaya-ɗaya daga baki. Sai dai sunan dangi ba shaidar abinci ba ce. GH16 gida ne mai ɗakuna da yawa. A cikinsa akwai masu cin wasu sukarin gansakuka kamar agar, da karajinan, da forfiran. Wanda ya ga GH16 ya rubuta "tana cin laminarin" ya yi gaggawa. Ka duba ƙaramin dangin, GH16_3 ne ya fi nuna laminarin, sannan ka duba maƙwabta, wato ƙwayoyin gadon da ke kusa da shi.

Maƙwabtan nan su ne inda shafin ya fi amfani, kuma nan ya fi yin tuntuɓe. A rukunin bakteriya na Bacteroidota, ƙwayoyin gadon enzayim ɗin kan zauna a jere tare da na SusD, mai kama guntun sukari a bayan tantani, da SusC, ƙofar da ke shigar da shi ciki kafin a ƙarasa narkar da shi inda wata bakteriya ba za ta samu rabo ba. Sashen CGC-Finder yana haɗa irin wannan jeri, yana yarda da tazarar ƙwayoyin gado biyu marasa alaƙa a tsakani. Idan jinom ɗin daga ruwan teku aka harhaɗo shi, sau da yawa jerin yakan tsinke a ƙarshen guntu, sai rabin ya ɓace, shafin kuma ba zai gaya maka ba. Ka nemi SusC da kanka da samfurin TIGR04056, ka kwatanta da PULDB, rumbun irin waɗannan jeri.

Adadin da yake bugawa a ƙarshe ma yana ruɗi. GT2 da GT4 gina sukari suke yi, ba rushewa ba. GH23 da GH73 kuma bangon tantanin bakteriyar suke gyarawa. Ka cire su kafin ka ce wata ta fi wata ci.

Sukari mai salfet, kamar fukoidan, wani labari ne. CAZy ba ya rarraba enzayim masu cire salfet, alhali ba tare da su ba sarƙar ba ta buɗuwa. Bakteriyar Lentimonas CC4 na ɗauke da ɗaruruwan enzayim don wannan sukari kaɗai. A nan sai ka haɗa da SulfAtlas, rumbun enzayim masu cire salfet na tashar binciken teku ta Roscoff a Faransa. Tabbacin ƙarshe kuwa na kwalba ne: ka shuka bakteriyar a ruwan teku na haɗi da laminarin a matsayin abinci kaɗai, ka ajiye wata kwalbar da gulukos don kwatanci, ka auna furotin ɗin da suka ƙaru.