Gayya ko gandu? Amsa ga ƙanenmu mai son buɗe gidan rubutu na Kiristoci masu buga wasanni

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Tambayar da ka yi mini ranar Lahadi a bakin majami'a ba ta amsuwa a tsaye, ga rana ga ƙarar babura, shi ya sa na ce ka bari in zauna. Abin da na fahimta shi ne: ku matasan zumunta na Bukoki da Yantala da Harobanda masu buga wasa a waya da PlayStation kuna son wuri ɗaya a intanet inda kowane ɗan'uwa zai kawo maƙala kan wasanni da bangaskiya. Wasu sun ce a yi shi irin na Wikipedia, kowa ya shigo ya rubuta ya gyara. Wasu sun ce a yi shi irin na mujalla, a rubuta a miƙa wa edita, shi ya fitar. Ka ce wanne ya fi.

Na farkon aikin gayya ne: gona ɗaya, kowa da hauyarsa. Na biyun gandu ne: kowa na noma, amma akwai maigida mai cewa yau ga inda za a sa hannu. Manhajar da aka fi yin gayya da ita sunanta MediaWiki, ita ke ɗauke da Wikipedia. Ta gandu kuwa WordPress ce, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da ita a 2003, yau kuma sama da kashi 40 cikin ɗari na gidajen intanet a kanta suke zaune. Duka biyun kyauta ne, duka suna da Faransanci. Saboda haka ba kuɗin manhaja ne zai raba muku gardama ba.

Bari in fara da hujjar 'yan gayya, don tana da ƙarfi kuma tarihi ya tsaya musu. Kafin Wikipedia akwai wani kundi da ake kira Nupedia, wanda Jimmy Wales da Larry Sanger suka fara a 2000. Kowace maƙala sai ta bi matakai bakwai na tantancewar masana kafin ta fito. Har aka rufe shi a 2003, maƙalolin da suka kammala ba su kai 30 ba. A Janairun 2001 suka buɗe Wikipedia a gefe, ba mai gadi, kowa ya shigo. Kafin shekara ta zagayo ta tara maƙaloli wajen 20,000. Duk wanda ya ce maka mai tsaron ƙofa na kashe rubutu, wannan labarin yake tunawa, kuma bai yi ƙarya ba.

Sai dai a tambaya: wane irin rubutu ne gayya ta iya? Ta iya bayani. Wace shekara Free Fire ta fito? 2017, kamfanin Garena. Yaushe PES ta koma eFootball? 2021. Yaushe FIFA ta EA ta canza suna zuwa FC? 2023. Idan na rubuta 2018 a kuskure, kai ka zo ka gyara, ba wanda zai yi fushi, don amsar ɗaya ce. Haka masu Minecraft suka gina kundinsu, dutse kaza ana fasa shi da kaza, mutum dubu na iya sa hannu a shafi ɗaya ba faɗa.

To amma ku ba wannan za ku rubuta ba. Na ji hirarku a fada, ana shayi ana gardama. Abin da ke cin ranku shi ne: ya halatta Kirista ya kwana yana harbin mutane a PUBG? Sayen akwatin sa'a a wasan ƙwallo, inda ka biya kuɗi ba ka san ɗan wasan da zai fito maka ba, caca ce ko ba caca ba? Wasan da ke da bokaye da tsafi fa? Yaron da ya bar sujadar safe don ya raba dare a ɗakin wasa, laifin wasan ne ko na tarbiyya? Waɗannan tambayoyi ne na lamiri. Ɗan Katolika da ɗan majami'ar EERN (Ikilisiyar Bishara ta Nijar) da ɗan majami'ar Assemblées de Dieu ba lalle su ba da amsa ɗaya ba, kai ko mutum biyu da ke zama a benci ɗaya. Ka sa irin wannan a shafin da kowa ke iya gyarawa, ka ga abin da zai faru: wani ya rubuta “wannan wasa bai dace da mai bi ba”, da dare wani ya mayar da shi “ya dace”, da asuba na farko ya maido. MediaWiki na ajiye tarihin kowane gyara, kuma da dannawa ɗaya ake mayar da tsohon rubutu, abin da ke da kyau ƙwarai idan ɓarna aka yi. Amma manhaja ba ta san wanda ke da gaskiya a gardamar lamiri ba. Ita kanta Wikipedia ta tsira ne don ta hana ra'ayin kai: dokarta ita ce kada marubuci ya ɗauki ɓangare, kada kuma ya kawo abin da ba a riga an wallafa a wani wuri ba. Ku kuwa ra'ayi da shaida su ne hajarku. In kun hana su, me ya rage?

A WordPress kowace maƙala da sunan mai ita. Wanda ke ganin harbi a wasa ba komai ba ne ya rubuta nasa, ya sa hannu. Wanda ke ganin yana taurara zuciya ya rubuta amsa, ya sa hannu. Biyun su zauna kusa da juna, mai karatu ya auna. Wannan ya fi kusa da abin da Manzo Bulus ya koyar a Romawa sura 14 kan al'amuran da masu bi ke saɓani a kansu, inda bai tilasta bakin kowa ya zama ɗaya ba, ya dai hana raini da yanke wa juna hukunci. Kuma tsarin manhajar ya riga ya raba matsayi: akwai mai gida da ke riƙe da makullai duka, akwai edita mai duba rubutun kowa ya fitar, akwai marubuci mai fitar da nasa da kansa, akwai mai kawo gudummawa wanda zai rubuta amma sai an duba kafin ya fito. Sabon shiga ya fara daga matsayi na ƙarshen nan. In an ga hankalinsa bayan maƙala uku ko huɗu, a ɗaga shi.

Sai maganar yawan hannu, wadda nake ganin 'yan gayya ba su lissafa ba. Wani masanin yadda mutane ke amfani da intanet, Jakob Nielsen, ya bayyana a 2006 abin da ake kira ƙa'idar 90-9-1: a irin waɗannan wurare, cikin mutum ɗari, casa'in karatu kawai suke yi, tara kan sa hannu jefi-jefi, ɗaya ne ke ɗauke da yawancin aikin. Ku nawa ne? Ko kun kai ɗari, ka san fuskokin da za su rubuta, ba su wuce yatsun hannu ba. Kundin gayya mai marubuta uku kango ne: shafuka masu layi biyu, mahaɗai jajaye da ke kai mutum inda ba komai. Baƙo ya leƙo sau ɗaya ba zai dawo ba. Mujalla mai marubuta uku kuwa, in tana fitar da maƙala ɗaya mai kyau kowace Asabar, rayayya ce. Ga kuma ƙofar da aka bari buɗe ba 'yan'uwa kaɗai ke shigowa ba. Akwai na'urorin da aikinsu ke nan, su bi kundaye marasa gadi suna buɗe rajista suna zuba tallan caca da magungunan bogi. Wani zai riƙa sharewa kullum, kuma kai ne wanin.

Yanzu abin da ya fi nauyi a wurina, kuma a nan ba zan yi maka kwana-kwana ba. A Yamai muke. Mu 'yan kaɗan ne a cikin maƙwabta Musulmi da muke cin tuwo ɗaya da su, kuma rabin waɗanda kuke buga eFootball da su a ɗakin wasa sunansu ba daga majami'a ya fito ba. Kai kana ƙarami a Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da nan Yamai saboda zanen da wata jarida ta buga a Faransa, zanen da ba ɗan Nijar ko ɗaya da ya sa hannu a ciki. Mu da muka ga hayaƙin ba mu manta ba. Magana zarar bunu ce. Idan kowa na iya rubutu a gidan da ke ɗauke da sunan Kiristocin Yamai, to wani yaro mai zafin kai, ko wani da ba namu ba ma da ya shigo da gangan, na iya sa layi ɗaya na cin mutuncin addinin wani da ƙarfe biyun dare. Kafin ka farka ka goge, an ɗauki hotonsa, yana yawo a WhatsApp. Ba wanda zai tsaya jin cewa “ai kowa na iya gyarawa”. Ban da haka, Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019, wadda ta shafi ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a, kuma a 2024 an maido da hukuncin ɗauri a kan waɗannan. Wannan kaɗai ya isa a ce ido biyu su ga rubutu kafin duniya ta gani.

Ta fuskar kuɗi da wahala, bambancin bai kai yadda ake zato ba. Kuna iya fara kowanne ba ko dala. WordPress.com na ba da wuri kyauta, amma za su liƙa nasu talla kuma sunanku zai ɗauki wutsiyarsu. Na gayya akwai Fandom, shi ma kyauta da talla mai yawa. Masu kundin Minecraft sun tattara kayansu sun bar shi a 2023, kuma yawan talla na cikin dalilansu. Akwai Miraheze, na 'yan sa-kai, ba talla. Matsalar talla a wurinku ita ce ba ku ke zaɓa ba: kana iya rubuta maƙala kan illar caca, a gefenta tallan da zai kunyata ka. In kun tashi sayen suna na kanku mai ƙarewa da .com, ku tanadi wajen dala 10 zuwa 15 a shekara (dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba), ban da kuɗin masauki, wato hayar wurin da za a ajiye gidan a intanet, kuma a nemi mai katin banki, don yawancin kamfanonin waje ba su karɓar kuɗin waya. Shawara ɗaya a nan: kada sunan da makullin su zauna a hannun mutum ɗaya. Na taɓa ganin aikin wata ƙungiya ya mutu don wanda ya yi rajistar ya tafi karatu waje, lambar wayarsa ta mutu, kalmar sirri ta bi shi.

Wajen rubutu da waya, wanda shi ne abin da kusan dukanku za ku yi, WordPress ta fi sauƙi. Tana da manhajar Android da za ka rubuta ka ajiye ko an ɗauke wuta ko forfe (data) ya ƙare, ka tura daga baya. MediaWiki na son ka koyi 'yan alamominta ko a kunna mata editan gani-da-ido, mai barin mutum ya rubuta ba tare da alamomin ba, kuma a ƙaramin allo da haƙuri ake yi. Inda ta fi kuwa shi ne haruffanmu: in wani ya buɗe shafi “Ƙwallo” wani ya nemi “Kwallo”, ana iya sa ɗaya ya tura mutum zuwa ɗayan cikin sauƙi. Ko wanne kuka ɗauka, ku zauna tun farko ku yanke: da ƙugiya za a rubuta ɗ da ƙ da ɓ, kuma ƴ irin ta Nijar ko 'y irin ta Najeriya? Gboard, manhajar buga rubutu a waya ta Google, na da allon Hausa, ba uzuri. Haka batun Zabarmanci da Faransanci: ku bar kowa ya rubuta da harshen da yake addu'a da shi, a ware su rukuni-rukuni.

Akwai wuri ɗaya da zan ba gayya gaskiyarta dungurungum, shi ne jerin wasanni don iyaye. Uwa ta ga ɗanta da wasa, tana son sanin na shekara nawa ne. Tsarin PEGI na Turai, da ya fara a 2003, na sa lamba 3, 7, 12, 16 ko 18, da alamun tashin hankali, ashar, tsoro, caca, ƙwaya da saye cikin wasa. Minecraft 7 ce, GTA V 18 ce. FIFA 23 ta samu 3 duk da akwatunan sa'ar da ke cikinta, irin waɗanda hukumar caca ta Beljiyam ta ce caca ne tun 2018, ka ga lambar kaɗai ba ta isa ba. Wannan bayani ne tsantsa, hannu da yawa na ƙara masa kyau. Amma ba ya buƙatar gida na daban; shafi ɗaya da mutum huɗu ke da izinin gyarawa ya wadatar har ku girma.

Don haka ni gandu zan ce, da sharaɗin kada ku maimaita Nupedia. Edita biyu, ba bakwai ba, ɗaya a cikinsu mace, don 'yan matan zumunta ma na buga wasa kuma ba su cika samun bakin magana a fada ba. Maƙala ta shigo, cikin kwana uku ta fito ko a mayar wa mai ita da dalili. Aikin edita ya duba zagi, ƙarya, satar rubutu da abin da zai taɓa addinin maƙwabci. Ba aikinsa ba ne ya gyara wa mutum ra'ayi. Kada a kai wa fasto kowace maƙala, aiki ya yi masa yawa kuma rubutun zai koma wa'azi, amma a sanar da shi kafin a buɗe, a nemi albarkarsa. Kuma kada ku buɗe da gida wayam: ku tara maƙala shida a hannu tukuna. Ta farko ni zan kawo, kan akwatunan sa'a, in ka tuna mini ranar Laraba bayan addu'a.