Relin sitenles na matakalar bene: inda ya biya kuɗinsa da inda ya gaza

Relin sitenles, wato madafar ƙarfe mai jure tsatsa, da aka kafa a matakalar wani gida mai bene ɗaya a Kubwa, inda muke zaune, ya ga damina ya ga hunturu, manya da yara suna ta hawa da sauka, don haka yanzu akwai abin faɗa a kansa. Na cikin gida ya biya kuɗinsa. Na matakalar baya, wadda ke fili, bai yi ba, alhali ranar da aka gama aikin sheƙinsu ɗaya, ido ba ya raba su.

Bambancin yana cikin lambar ƙarfen. Bututun sitenles da ake samu a Dei-Dei da sauran kasuwannin kayan gini galibi iri biyu ne, 201 da 304. Na 304 yana ɗauke da kiromiyom wajen kashi 18 cikin ɗari da nikel wajen kashi 8, shi ya sa yake jure ruwa. Na 201 an rage masa nikel an cike gurbin da manganis don ya yi araha. A cikin ɗaki, inda ba jiƙa, zai iya daɗewa lafiya lau. A waje kuwa, inda ruwan Agusta ke dukansa, ɗigo-ɗigon tsatsa suna fitowa, kuma daga wuri biyu suke farawa: bakin walda, da gindin ƙafafun relin inda ruwa ke kwanciya ƙarƙashin murfin da ke rufe gindin. Haka na bayan namu ya yi. Akwai 316, amma wannan na masu iskar gishiri ne irin mutanen Legas, a Abuja ƙarin kuɗi ne kawai.

Mai sayarwa zai manna maganaɗisu a jikin bututu ya ce maka, "Alhaji ka gani, bai kama ba." Wannan gwajin ba ya raba 201 da 304, domin dukansu ba sa kama maganaɗisu sosai. A duba lambar da aka buga a jikin bututun ko ledarsa, a kuma rubuta ta a takardar yarjejeniya kafin a ba da kuɗin kaya.

Sai kaurin bango. Bututu biyu za su zo da faɗi ɗaya daga waje, ɗaya kaurinsa milimita 0.8, ɗayan 1.5. Siririn yana loɓawa idan aka buga masa gado ko firij wajen hawa da kaya, kuma walda tana huda shi. Ƙafafu da bututun sama kada su gaza 1.2, in an samu 1.5 ya fi. A bakin yanka ake auna shi, tun kafin a haɗa, domin da zarar an rufe baki shi ke nan. Game da faɗi, masu walda sun fi son inci biyu saboda ya fi cika ido. Ni ban yarda da shi ga kowane gida ba. Hannun tsohuwa ko na yaro ba ya zagaye inci biyu, dafawa kawai yake yi, kuma wanda ƙafarsa ta zame riƙo yake buƙata. Inci ɗaya da rabi, wato milimita 38, ya fi zama a tafin hannu.

Tsayin reli santimita 90 zuwa 100 ne, ana aunawa daga bakin mataki a miƙe zuwa sama, ba daga tsakiyarsa ba. A sararin juyawa da barandar sama gara a kai shi 110. Wurin da ake yawan kuskure shi ne a yi awo a kan kankare tsirara, sannan mai tayil ya zo ya ɗora siminti da tayil su cinye santimita huɗu ko biyar, relin ya koma gajere. A jira tayil, ko a cire lissafinsa. A ja zare daga matakin farko zuwa na ƙarshe a bi layinsa, domin matakalar da birkila ya zuba da wuya tsayin matakanta ya zo daidai da juna.

Maganar sandunan tsakiya ita ce ba na sassauci a kanta. Salon da ake yayi a gidajen Gwarimpa da Lugbe shi ne sanduna uku ko huɗu a kwance. Yana da kyau a hoto, kuma ya fi araha tunda bututu kaɗan yake ci. Amma ga yaro ɗan shekara uku tsani ne aka kafa masa a bakin rami, kuma tazarar da ke tsakani tana wuce jikinsa gaba ɗaya. Namu a tsaye aka yi su, bututun milimita 19, tazara ƙasa da santimita 10, wato sanda takwas zuwa tara a kowace mita. Ƙa'idar santimita 10 ɗin dalilinta kan jariri ne, kada ya shige. A kuma duba kusurwar da ke buɗewa tsakanin mataki da sandar ƙasa, don nan ne ake mantawa. Aikin goge ƙura ya ƙaru, kuɗin ma ya ƙaru, amma gidan da ke da yara ko jikoki masu zuwa hutu ba shi da zaɓi na biyu.

Ƙarfin reli duka yana gindinsa. Kowace ƙafa tana zaune a kan faranti mai kauri, milimita biyar ko shida, da kusoshin kankare masu buɗewa guda uku ko huɗu, na milimita 10. Dole kusar ta ratsa tayil da simintin ƙarƙashinsa ta shiga ainihin kankare aƙalla santimita shida ko bakwai. Gajeriyar kusa a cikin simintin tayil take tsayawa, ranar farko ƙam, bayan 'yan watanni sai rawa. Ramin kuma kada ya matso bakin mataki, a bar santimita bakwai ko fiye, in ba haka ba kusar tana buɗewa sai ta tsaga gefen. Ƙafar ƙasa ta namu haka ta yi, ta fara motsi, tayil ɗin gefenta ya fashe, sai da mai waldar ya dawo ya matsar da ita ciki ya kafa ta da gam ɗin kankare. Ita ƙafar farkon ta fi kowacce shan wahala, kowa ita yake cafka ya juya, saboda haka ita ta fi cancantar faranti mai faɗi. A huda tayil da bakin huji na tayil, a hankali, da ruwa, kada a kunna bugun injin sai an kai ga kankare. A hure ƙurar ramin kafin a sa kusa. Tazarar ƙafa da ƙafa kada ta wuce mita ɗaya da santimita 20, wato kusan kowane mataki uku zuwa huɗu.

Wanda ya fi amfani a gidan, kuma ya fi komai araha, shi ne bututu guda da aka bi bango da shi. Mai ciwon gwiwa yana buƙatar riƙo a hannun da ya fi ƙarfi, hawa da sauka, kuma reli a gefe ɗaya ba ya ba shi haka. Matsalarsa bulo. Bulonmu na inci shida da inci tara rami ne a ciki, kusa mai buɗewa ba ta samun abin kamawa, sai filasta. Mafita ita ce a nemi inda ginshiƙi yake, ko a fasa bulon a wurin kowane mariƙi, wato ƙarfen da ke riƙe bututun a bango, a cika shi da kankare a bar shi ya bushe kamar mako guda, ko a yi amfani da gam mai raga da aka yi domin bulo mai rami. Mariƙi ɗaya a kowace mita, tazarar santimita biyar tsakanin bututu da bango don kada yatsu su goge, kuma a duba layin makunnin fitila kafin a huda, domin wayar wuta a miƙe take bi daga nan. Bututun ya zarce matakin ƙarshe da santimita 30 sama da ƙasa, a lanƙwasa bakinsa ya koma bango. Bakin da aka bari a buɗe yana kama hannun babbar riga da gefen mayafi, kuma wannan kaɗai ya isa ya kayar da mutum.

Waldar agon, wato wadda ake yi da iskar gas ta agon, ita ce ta dace da wannan ƙarfe, kuma ita aka yi mana. A ciki an goge haɗin sumul, sai ka shafa ba ka ji komai ba. A ƙarƙashin bututun sama dai, inda ido ba ya kai wa, an bar ƙaiƙayi a wuri biyu, kuma nan ne daidai yatsu ke bi. A shafa da hannu tun mai aikin yana nan. A kuma hana shi amfani da faifan giranda da ya riga ya yanka baƙin ƙarfe, domin ɓurɓushin da yake bari yana tsatsa ko a kan 304 ne. Murafan gindi suna ƙara idan an taka matakala, ɗan silikon a ƙarƙashinsu ya kashe maganar.

Wajen tsafta, ruwa da ɗan sabulu da tsumma mai laushi sun isa, a goge ya bushe. Bilic irin na wanke banɗaki da asid ɗin wanke tayil su ne manyan abokan gabansa, haka ma soson ƙarfe. In za a wanke sabon tayil da asid, a yi kafin a kafa reli. Shatin yatsu yana fitowa a kan mai sheƙin madubi fiye da mai dishi-dishi, kuma ƙurar hunturu ba ta raga wa ko wanne.

Da mita ake ciniki, kuma a bisa gangare ake auna ta. Mataki mai tsayin santimita 17 da faɗin 27 yana cin kusan 32 a gangare, don haka mataki tara ya kusa mita uku. Bututu kuwa mita shida-shida yake zuwa, da wannan mutum zai iya lissafa kayansa da kansa. Kafin a biya cikon kuɗi, babban mutum ya kama kan kowace ƙafa ya jijjiga ta da ƙarfinsa, ya kuma rataya nauyinsa a kan na bango. Wadda ta motsa, a ɗaga murfinta a ƙirga kusoshin, a sa a sake kafa ta a ranar.